Direban DM542 a kan injin sassaƙar katako: abin da na gani a shagona

Injin sassaƙar katako da na harhaɗa a shagona na kafinta a nan Jos, wanda kwamfuta ke ba shi umarni, ya fara aiki ne da ƙananan direbobin A4988, wato na'urorin da ke sarrafa wutar da ke juya moto, irin waɗanda ake sokawa a kan allon Arduino, ƙaramar kwamfutar da ke miƙa musu umarni. Ba laifinsu ba ne da suka gaza, domin ko an manna musu ƙarfen sanyaya ba sa wuce amfiya 2, alhali motocin lantarkin da ke motsa injina, masu juyawa taku-taku, masu girman da ake kira NEMA 23 ne, masu cin amfiya 2.8. Shi ya sa na sayi DM542 guda uku, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Kuɗinsu ya ninka na ƙananan sau da dama, kuma nawa ba su ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera su, kamar yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa.

Direban yana karɓar wuta daga bolt 20 zuwa 50, ni kuma na ba shi 36. Dukan saitinsa yana kan ƙananan makunnai takwas da ke gefensa. Uku na farko su ne na ƙarfin wutar da za ta shiga moto, daga amfiya 1.0 zuwa 4.2, kuma a nan ne mutum zai iya ruɗewa, saboda jadawalin da aka buga a jikinsa yana da layi biyu, ɗaya an rubuta Peak, wato ƙololuwar ƙarfin wutar, ɗaya RMS, wato matsakaicinsa, kuma 2.84 na farkon daidai yake da 2.03 na biyun. Na tsaya a kan 2.84 ɗin, domin moto ya riƙa ɗumi kawai ba tare da ya ƙona hannu ba. Makunni na huɗu kuwa a kashe na bar shi, wanda hakan ke rage wutar zuwa rabi idan moto yana tsaye.

Huɗun ƙarshe su ne suka fi ɗaukar mini lokaci. Moton yana juya digiri 1.8 a kowane taku, wato taku 200 a zagaye guda, direban kuma yana iya rarraba wannan daga 400 har zuwa 25600. Da farko kwaɗayin santsi ya sa na zaɓi 6400. Da yake sandar sukuruna tana matsawa milimita 5 a kowane zagaye, lissafin ya ba da taku 1280 a milimita ɗaya, manhajar GRBL kuma, wadda ke aika wa direbobin siginar kowane taku, a kan Arduino Uno ba ta iya aika fiye da sigina kusan 30,000 a daƙiƙa, sai injin ya kasa wuce kimanin milimita 1,400 a minti. Da na koma 1600, na rubuta 320 a saitin GRBL mai lamba $100, $101 da $102, inda ake sa yawan taku a milimita ɗaya, sai saurin ya dawo, kuma ban ga wani bambanci a tsabtar rubutun da nake sassaƙawa a jikin ƙofofi ba. Katakon da nake saya a Kasuwar Katako ma yana motsi da sauyin yanayi fiye da wannan ɗan bambancin.

Abin da ya fi burge ni shi ne raguwar ƙara da karkarwa, musamman idan injin yana tafiya a hankali a kan lanƙwasar haruffa, inda a da yake tsallake taku ya ɓata aiki.

Takardar bayanin da aka haɗo da shi ba ta amfane ni da komai ba. Ba ta nuna yadda ake gane wayoyin moto ba, sai da na auna da mita na ware biyu-biyun da ke koyil ɗaya, na ɗaura su a A+ da A-, sauran a B+ da B-. Haka kuma ba ta gargaɗi cewa cire wayar moto alhali da wuta a jiki yana iya ƙona direba nan take. Sanyin Jos yana taimaka masa wajen zafi, amma garin katako da ƙurar hunturu suna toshe tsagogin ƙarfen sanyayarsa, don haka na rufe ukun a cikin akwati mai fanka, na kuma sa soso a bakin shigar iska, wanda nake kakkaɓewa duk ranar Asabar.