Zomonmu Na Farko: Abin da Na Tarar a Wurin Wani Mai Kiwon Zomaye a Garwa

A watan Fabrairun bana 'yata ta kai izu goma a makarantar allo, da na tambaye ta tukuicin da take so, sai ta ce zomo. Ni dai iyakar sanina da zomo bai wuce na tatsuniya da wanda mafarauta ke ratayowa daga daji ba, don haka na nemi shawarar maƙwabcina, shi kuma ya kwatanta mini gidan wani dattijo a unguwar Yelwa da ke nan birnin Garwa na ƙasar Kamaru, wanda yake sayar da zomaye da keji da abincinsu a wuri ɗaya. Yau wata 4 ke nan da cinikin, lokacin da nake ganin ya isa mutum ya yi hukunci.

Ta fuskar dabbobin kansu, ban ga abin kushewa ba. Wurin a share yake, babu zarnin fitsari mai hawa kai, kuma kowane kasko cike yake da ruwa mai tsabta. Yarinyar ta ƙyalla ido kan wani ɗan mitsitsi fari, amma dattijon ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, wannan makonsa 4, bai gama shan nono ba. In ka tafi da shi yau, zawo zai kashe maka shi." Ya zaɓo mana wata zomanya mai mako 8, ya buɗe kunnuwanta ya nuna mini babu ɓawon ƙirci, ya nuna hancin a bushe, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo, haƙoran gaba kuma sun hau kan juna daidai. Da na ce a haɗa mini da namiji, shi da kansa ya hana ni, ya ce cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani da zarar ta haihu, wanda hakan ba zai yi wa mai neman abin wasan yara daɗi ba. Ɗan kasuwar da zai ƙi sayar da biyu ya sayar da ɗaya ya cancanci a yaba masa. Sefa 4,000 na biya.

Shawararsa a kan abinci rabinta ta yi daidai. Ya jaddada cewa busasshiyar ciyawa da harawa su ne tushen abincin zomo, domin haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma tauna ce ke rage su. Karas kuwa ɗan taɓawa ne kawai. Ranar da 'yata ta rugo tana cewa, "Baba, tana cin kashinta!" na kira shi a waya, ya yi dariya ya bayyana mini cewa zomo yana fitar da wani kashi mai laushi da yake sake haɗiyewa don jikinsa ya amfana da abin da ya rage a ciki, kuma alamar lafiya ce. Sai dai haɗin dusar da ya sayar mini akwai tunkuzar angurya a ciki, wadda ake samu cikin sauƙi a Garwa saboda matatar man auduga ta kamfanin SODECOTON. Tunkuzar abinci ce mai kyau ga shanu da tumaki, amma tana ɗauke da wani sinadari da ake kira gosifol wanda yake cutar da dabbobin da ba sa tuƙa idan ya yi yawa. Haɗin nasa na masu kiwo don yanka ne, zomon gida kuwa yana iya kai shekara 8 ko fiye, saboda haka na daina ba ta.

Kejin ne ya fi ɓata mini rai. Rufinsa kwano ne, daɓensa kuma waya ce zalla. Duk wanda ya san Garwa ya san cewa a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, alhali zomon gida yana fara galabaita tun daga digiri 30. Asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotigal yake, inda yake haƙa rami ya ɓuya da rana, kuma ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake sauke yawancin zafin jikinsa. Wata azahar a cikin Afrilu na tarar da ita a miƙe tana haki, kunnuwanta kamar an ciro su daga wuta. Na mayar da ita ƙarƙashin darbejiya, na shafa wa kunnuwan ruwa, na lulluɓe saman kejin da jiƙaƙƙen buhun algarara, na ajiye mata gorar ƙanƙara a gefe, sai wajen la'asar ta dawo hayyacinta. Wayar daɓen ma matsala ce, domin tafin zomo gashi ne kawai, ba shi da tsokar nan da ke tafin mage, kuma waya tana cinye gashin har ta yi miki. Da na koma na yi masa ƙorafi, ya nuna mini cewa nasa kejin duk a ƙarƙashin rumfar zana suke. Gaskiya ne, amma ranar ciniki ya kamata ya faɗa mini. Na kuma lura yaronsa yana ɗaga zomaye ta kunne, ɗabi'ar da yara ke saurin kwaikwayo, alhali daidai shi ne hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a gindi.

A watan Mayu ƙirci ya kama kunnenta ɗaya. Bai yi ƙoƙarin sayar mini da magani ba, sai ya tura ni wurin likitan dabbobi, ya kuma gargaɗe ni kada in ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin ta baki, domin tana kashe ƙwayoyin cikin da zomo ke narkar da abinci da su. Likitan ya yi mata allurar ibamektin, kunnen ya warke.

Wanda yake neman zomonsa na farko ina ba shi shawarar ya saya a wurin wannan dattijo, amma ya bari sai hunturu, tsakanin Nuwamba da Janairu, don dabbar ta saba da gida kafin bazara, ya sayi harawar ya bar dusar. Keji kuwa ya sa kafinta ya yi masa na katako mai rufin ciyawa, kamar yadda na yi daga baya. Tsohon kejin yana bayan ɗakin girki, uwargida tana ajiye albasa a ciki.