Wata Huɗu da Liƙa wa Tsohuwar PlayStation 2 Gurbin Katin SD: Abin da Na Gani

PlayStation 2 ɗin da ke ɗakina a Agege siririya ce, samfurin SCPH-70004, irin wadda Sony ya fara fitarwa a shekarar 2004. Na saye ta ta hannu a kasuwar Alaba ba da jimawa ba da zuwana Legas, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa ba ni wata matsala babba ba sai a 'yan shekarun nan da idonta, wato abin da ke karanta faifai, ya fara gajiya. Da farko sai na sa faifai sau biyu ko uku kafin ta karanta, daga baya ta koma ƙara tana juya faifan ba tare da ta nuna komai ba, har wata rana na ɗaga faifan Pro Evolution Soccer 6 na ga wani zagayayyen karce a bayansa, wanda siririyar igiyar da ke haɗe da idon ta yi masa saboda ta ɗago daga mazauninta. Wannan ciwo sananne ne ga siraran samfuran, kuma shi ya sa na daina sa mata faifai gaba ɗaya. An daina ƙera na'urar tun farkon 2013, saboda haka duk idon da mutum zai samu a kasuwa yanzu ko dai an ciro shi ne daga wata matacciyar na'urar, ko kuwa kwaikwayo ne da ba a san ƙarkonsa ba. Na canza sau ɗaya, bai kai shekara ba ya koma gidan jiya.

Hanyar da na zaɓa ita ce wadda masu harkar ke kira MX4SIO. Ma'anarta a taƙaice ita ce a sa na'urar ta riƙa karanta wasanni daga katin SD ta ƙofar memori (katin da na'urar ke ajiye ci gaban wasa a kai), wato ɗaya daga cikin ramuka biyu da ke saman wurin jona hannun gem, maimakon ta dogara da faifai. Ƙofar memorin tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 3.3, wanda shi ne abin da katin SD yake buƙata, kuma yadda take aika bayanai ya yi kusa da ɗaya daga cikin hanyoyin da katin yake fahimta, shi ya sa haɗin bai buƙatar wani babban kayan aiki a tsakani. Ana sayar da shi a shirye cikin kwanso mai kama da memori, a tura shi a rami na biyu kawai. Akwai kuma masu buɗe na'urar su liƙa ƙaramin gurbin katin kai tsaye a ƙafafun ramin daga ciki, su yanka 'yar kafa a jikin roba inda katin zai riƙa shiga. Ni wannan ta biyun aka yi mini, kuma a kanta nake wannan sharhi.

Dalilina na zaɓar liƙi ba wani ilimi ba ne. Ina da yara uku, ƙaramin cikinsu ba ya ganin abu a jikin na'ura ya bar shi, kuma a gidan an taɓa neman memori ɗaya har kwana biyu kafin a same shi a cikin takalmi. Ramina na biyu kuma ya riga ya yi sako-sako, ga tsatsar da danshin Legas ya saukar a kan ƙarafunansa, ta yadda ko memori na gaske aka sa sai an danna shi da yatsa kafin ya kama.

Wanda ya yi aikin wani matashi ne ɗan Zariya da ke gyaran waya da na'urorin gem a wani ƙaramin shago kusa da Computer Village a Ikeja. Abin da ya fara burge ni shi ne bai karɓi aikin nan take ba. Ya juya na'urar ya karanta lambar samfurin a ƙasanta, sannan ya ce, "Alhaji, taka tana karɓar Free McBoot, ba matsala. Amma ka sani, in na liƙa wannan, ramin nan na biyu ka yafe shi, kada a ƙara sa masa memori." Free McBoot ɗin manhaja ce da ake sakawa a memori, na'urar ta tashi da ita ta iya buɗe wasu manhajojin. Ya yi mini bayanin cewa wasu daga cikin samfuran ƙarshe, na jerin SCPH-90000, an toshe musu wannan hanya ta tashi daga memori, sai an bi da su ta wata dabarar dabam. Ya kuma faɗa mini gaskiyar da wani mai neman kuɗi zai iya ɓoyewa, cewa wanda ake turawa daga waje da wanda ake liƙawa a ciki gudunsu ɗaya ne, bambancin kawai tsafta ne da tsaro daga hannun yara.

Na zauna a benci na kalli aikin daga farko har ƙarshe, domin ban yarda in bar na'urar ta kwana a hannun kowa ba. Ya kwance notunan ƙasa, ya ɗaga murfin, ya ciro fanel ɗin, wato allon lantarkin cikin na'urar, ya kifa shi a kan wani tsumma mai tsabta. Ƙafafun ramin memorin suna jere kusa da juna ƙwarai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kaurin tsinken ashana ba, kuma ɗigon dalma ɗaya da ya zarce zai iya haɗa ƙafar wuta da ta bayanai. Kafin ya kunna ƙarfen liƙin sai da ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da mita, ya gano ta wuta da ta ƙasa, ya rubuta a kan takarda. Sannan ya yanka siraran wayoyi, ya fere bakin kowace, ya shafa mata dalma tun kafin ya kai ta jikin fanel, ta yadda idan ya ɗora bakin ƙarfen ba ya wuce ƙiftawar ido biyu yake ɗagawa. Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta. Bai yi gaggawar ƙarasa wayar da ke hannunsa da ƙarfen da ya fara hucewa ba, ya ajiye, ya jira aka tayar da janareta, ƙarfen ya sake ɗaukar zafi, sannan ya ci gaba. A nan ne hankalina ya kwanta da shi.

Inda aikinsa ya gaza shi ne wajen yanka kafar katin. Da wuƙa da ƙaramin zarto ya yi ta, kuma ta fito a ɗan karkace, bakinta da kaushi, har yanzu idan na shafa gefen na'urar ina jin sa a yatsana. Gurbin kansa da gam mai zafi ya manne shi daga ciki. Yana riƙe, amma ba aiki ne da zan kira kyakkyawa ba, kuma ga wanda yake ajiye irin wannan na'ura don tarihi, wannan yanka ba ya komawa.

Ɓangaren manhaja bai ɗauki lokaci ba. Ya sa Free McBoot a memorina na asali mai megabayit 8 da ke rami na farko, ya ɗora Open PS2 Loader, manhajar da ke jero wasanni ta buɗe su, wadda kowa ke kira OPL, sigar da ta san MX4SIO, domin tsofaffin sigogin ba su ganin katin ko kaɗan. Katin kuma, mai gigabayit 128, ya tsara shi a tsarin ajiye fayil na exFAT. Wannan yana da muhimmanci, saboda tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4, alhali wasa irin God of War II na 2007, wanda ya zo a faifai mai hawa biyu, ya zarce haka nesa ba kusa ba. Wasannin da na zuba kwafin faifaina ne da na tara tsawon shekaru, na juye su a kwamfuta da kaina, sai dai biyu da karce ya riga ya cinye, waɗanda suka ƙi juyuwa.

Kwana tara da dawowa gida, katin ya ɓace daga jerin OPL. Idan na kashe na kunna sai ya dawo, wasa ya fara, can kuma hoto ya daskare. Raina ya ɓaci matuƙa, domin tafiya daga Agege zuwa Ikeja da dawowa a ranar aiki ba ƙaramin abu ba ne, ga shi na riga na yi wa yara alkawari. Da na mayar, bai yi gardama ba kuma bai nemi ƙarin kuɗi ba. Ya buɗe, ya taɓa wayoyin da bakin hantsaki, sai ga ɗaya tana motsi: dalmar ta zauna a kanta kamar ta kama, amma ba ta narke ta haɗu da ƙafar sosai ba. Ya ce, "Laifina ne, Alhaji, ka yi haƙuri." Ya sake liƙa ta, ya kuma rage tsawon wayoyin gaba ɗaya, yana cewa doguwar waya tana kawo tangarɗa ga saƙon da ke gudu a cikinta. Tun daga ranar ban sake ganin wannan matsala ba, wata huɗu ke nan. Na kawo wannan ne don mai niyyar yin aikin ya nemi a gwada masa na'urar a rufe, a ɗan girgiza ta, a bar wasa ya yi aƙalla rabin sa'a a shagon kafin ya biya.

Game da gudu, wanda shi ne abin da kowa ke tambaya, gaskiyar magana tana tsakiya. Ƙofofin USB na PlayStation 2 tsoffin yayi ne, USB 1.1, waɗanda iyakar gudunsu a takarda megabit 12 ne a daƙiƙa, wato megabayit ɗaya da rabi, a aikace kuma ba su cika kai megabayit ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa buga wasa daga filashi a shagon gem ya san yadda bidiyon farkon wasa ke tsinkewa, murya tana sarƙewa. MX4SIO ya fi haka, yana ba da tsakanin megabayit ɗaya da biyu a daƙiƙa gwargwadon samfurin na'ura da ingancin kati, amma bai kama ƙafar lafiyayyen faifan DVD ba, wanda a ƙololuwarsa yake haura megabayit 5. A wasan ƙwallo ban ga wani bambanci da faifai ba, har ma ina ganin shiga fili ya fi sauri, tunda babu idon da zai yi ta kai da komo yana lalube. A Grand Theft Auto: San Andreas, idan mota ta yi gudu sosai, wani lokaci gine-gine kan makara kafin su bayyana. A God of War II kuwa, wasan kansa lafiya lau yake tafiya, sai dai wasu bidiyoyin tsakiya suna ɗan cijewa nan da can. Akwai kuma wasa ɗaya daga cikin nawa da ya ƙi tashi sam, sai baƙin allo, ko da na sauya saitunan da OPL ke bayarwa.

Wanda yake neman cikakken gudu yana da hanyoyin da suka fi wannan. Babbar PlayStation 2 ta farko tana karɓar hadis (hard disk irin na kwamfuta) a bayanta ta hanyar adaftar intanet, kuma babu abin da ya kai wannan. Siririyar tana da ƙofar wayar intanet a jikinta, ana iya jawo wasanni daga kwamfuta ta nan da gudu mai kyau, sai dai hakan na nufin kwamfuta ko wata na'urar ta kasance a kunne kullum, abin da bai dace da gidan da ake lissafin man janareta ba. Samfurina ma yana da wuraren liƙa hadis a kan fanel, amma wayoyin sun kai kusan arba'in, kuma mai gyaran da kansa ya ce ba zai so ya yi wannan kasada da na'urar da mai ita ke ƙauna ba.

Abu guda da nake jan kunne a kansa shi ne katin. Jabun katin SD ya yi yawa a kasuwa, irin wanda aka rubuta masa babban adadi alhali cikinsa kaɗan ne, sai an cika shi fayiloli su fara lalacewa. Ko a cikin na gaskiya ma ba kowane ne yake jituwa da wannan haɗi ba. Katin farko da na zo da shi daga gida yana aiki a waya, amma na'urar ta ƙi ganinsa, sai da muka gwada na biyu. Ya fi kyau a gwada kati a shagon kafin a kwashe sa'o'i ana zuba masa wasanni.

Hukuncina shi ne aikin ya biya kuɗinsa a wurina, domin abin da na kashe bai kai na canza ido sau biyu ba, kuma faifaina sun huta a cikin kwali. Amma ba zan ba kowa shawarar liƙi ba. Idan ramin memorinka na biyu lafiyayye ne kuma babu ƙananan yara a gidan, sayi wanda ake turawa daga waje, ka bar na'urarka yadda Sony ya ƙera ta, tunda gudun ɗaya ne kuma ranar da ka gaji sai ka zare. Liƙi na wanda raminsa ya lalace ne, ko mai shagon gem da ke tsoron a zare masa kati a tafi da shi, kuma ko su sai sun sami mai gyaran da ya saba da aikin fanel, wanda zai karɓi gyara idan abu ya kwance. Mai koyon liƙi kada ya fara da wannan.

Memorin rami na farko yana nan da ajiyar Master League ɗina ta shekarun baya, wato kulob ɗin da na gina a Pro Evolution Soccer, ba abin da ya taɓa ta. Ranar Asabar da ta wuce babban ɗana ya buɗe ta, ya daɗe yana karanta sunayen 'yan wasan da na saya tun kafin a haife shi, sannan ya miƙo mini hannu na biyu ya ce, "Abba, zaɓi kulob ɗinka." Mun buga wasa huɗu a jere, na'urar ba ta yi ƙarar juya faifai ko sau ɗaya ba, fankarta kawai ake ji.