Jakar Kriega US-20 a hanyar Mambila: abin da lita 20 ke iya ɗauka

Kriega kamfani ne na Birtaniya da ya yi suna wajen ɗinka jakunkunan masu babur, kuma US-20 na cikin jerin waɗanda yake yi domin ɗaurewa a bayan direba, daga ƙarama mai lita 5 har zuwa babba mai lita 40. Lambar da ke jikin sunan ita ce girman cikinta, wato lita 20. Na auna ta ne da bukatar mutumin da zai hau babur irin Bajaj Boxer ya nufi tsaunin Mambila a jihar Taraba, yana kwana a tanti, domin wannan hanya ce da ke tona asirin duk wanda ya yi lodin da ya wuce kima.

Jakar ba ta da zif a babban bakinta. Ana naɗe bakin ne sau uku a maƙale shi, kuma a ciki akwai wata farar jaka wadda ita ce ainihin mai hana ruwa shiga, ana iya cire ta a wanke. Farin launin yana da amfanin da ba a lura da shi sai da daddare, lokacin da mutum ke laluben ashana ko maganin ciwon kai da hasken tocila, domin ƙaramin abu ba ya ɓacewa a cikinta kamar yadda yake ɓacewa a baƙar jaka. Yadin waje mai kauri ne, kamfanin kuma yana ba da garantin shekara 10. Wannan tsari na naɗe baki ya fi zif dacewa da ƙasarmu, saboda ƙurar hunturu da jan laka na damina su ne ke kashe zif tun kafin yadi ya tsufa.

Inda ta fi burge ni shi ne ɗauri. Tana zuwa da madaukai huɗu da ake ɗaura wa ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, ko jikin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan babur, a bar su a nan dindindin; jakar kuma tana da ƙugiyoyi da ake saƙalawa a jikinsu a ja igiya ta tsuke. Wanda ya saba da robar tayar da 'yan acaɓa ke ɗaure buhu da ita ya san cewa roba tana riƙe kaya, amma kwance ta da sake ɗaure ta a kowane shingen jami'an tsaro aiki ne mai cin rai, ga shi idan ta tsinke tana iya dukan ido. Da wannan jaka, mutum zai sauke ta, ya buɗe, a duba, ya mayar, ba tare da ya tara layi a bayansa ba.

Abin da ya sa ƙarancin kaya ya zama dole a wannan tafiya yana farawa ne bayan an bar Jalingo an wuce Bali da Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Daga Mayo Selbe hanya ke fara hawan dutse da kwana-kwana masu tsanani, har a kai saman tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, a bi ta Nguroje zuwa Gembu. Ƙaramin inji a giya ta ɗaya ko ta biyu yana jin kowane kilo. Mafi muni shi ne kayan da aka tula a ƙarshen kariya, a bayan tsakiyar tayar baya, domin suna ɗage nauyi daga tayar gaba, sai kan babur ya riƙa rawa a hannu daidai lokacin da ake bukatar ya kama ƙasa a kwana. US-20 tana zama daram a kujerar fasinja, dab da bayan direba, kuma a nan ne ya kamata nauyi ya kasance. A gangarowa ma haka ne: birki ba ya saurin zafi idan lodin bai yi yawa ba.

Ga abin da na ga tana ɗauka ba tare da an yi mata dole ba: yadin ƙaramin tanti na mutum ɗaya wanda aka raba da sandunansa, canjin tufafi ɗaya, rigar sanyi, siririyar darduma, ƙaramar tukunya da aka cusa ganyen shayi da sukari da cokali a cikinta, tocila, da 'yar jakar magani. Sandunan tanti sai dai a soke su a ƙarƙashin igiyoyin waje. Guzuri kuwa gara a riƙe irin wanda ba ya bukatar wuta sosai, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi, tunda akwai garuruwa a hanya inda za a ci abinci mai zafi. Bargo ne ke kawo cikas. Sanyin Mambila da daddare ba abin wasa ba ne, ko ga mutumin da ya saba da hunturun Jos, kuma bargon gida mai kauri shi kaɗai zai cinye cikin jakar. Sai dai mutum ya nemi jakar barci irin wadda ake matsewa ta koma kamar ƙullin fura babba, ko ya yarda cewa lita 20 ta yi masa kaɗan. Kamfanin ya tanadi mafita, domin ana iya maƙala US-10 a samanta a samu lita 30, amma wannan kuɗi ne na biyu. A ganina, wanda zai hau tudu ya sayi US-30 tun farko. US-20 ta fi dacewa da mai kwana a ƙasa mai zafi, inda gidan sauro da mayafi suka wadatar.

Akwai kayan da bai kamata su shiga cikinta ba ko da akwai wuri. Sifana da fulogi da kayan faci da famfon iska su zauna a wata 'yar jaka daban a ƙasa-ƙasa, saboda ƙarfe yana iya huda farar jakar ciki, kuma ba a son a zazzage tufafi a bakin hanya cikin ruwan sama don neman sifana mai lamba 10. Ruwan sha da fetur ma haka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 5 kuwa kan fi tanti da tufafi nauyi idan aka haɗa su. Wannan lissafi ba jaka ce ke warware shi ba, kuma mai saye ya sani tun kafin ya biya.

Aibinta biyu ne a wajena. Bakin da ake naɗewa yana nufin abin da ke ƙasa sai an fitar da na sama kafin a kai gare shi, shi ya sa rigar ruwa da takardun babur suke bukatar wurin da hannu zai kai nan take; akwai ƙaramin aljihu mai zif a waje, amma ba a yi shi don ya jure ruwan sama na sa'o'i ba, saboda haka takarda sai an sa ta a leda. Na biyu shi ne tsada. Da fam ake sayar da ita, ga kuɗin aikowa, kuma idan aka juya zuwa naira za a ga ta kai wani kaso mai tsoka na kuɗin tsohon babur. Mai ɗinkin tamfol a kasuwa zai iya yin jaka mai naɗaɗɗen baki a kan kuɗi kaɗan, sai dai ramukan allurarsa za su riƙa tsiyayar ruwa idan ba a sa babbar leda a ciki ba, kuma da wuya ya samu ƙugiyoyi masu wannan inganci. Mai fita sau ɗaya a shekara da rani, jakar tamfol da roba sun ishe shi. Wanda ke yawan tafiya da damina, yana ɗauke da waya da kyamara da takardu, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa, da sharaɗin ya gwada ɗaurin a gida ya tabbatar babu igiyar da ke lilo kusa da salansa ko sarƙa kafin ya kama hanya.