Na sayi zanen Japan uku don falona, ɗaya ya ƙare a lungu

Bangon da ke bayan kujerun falonmu ya fi shekara biyu ba komai a jikinsa sai agogo. Ba na son rataya hoton fuskar mutum, furannin roba kuma sun ishe ni. Ana nan sai na ci karo da wani shago a intanet mai sayar da kwafin tsofaffin zane-zanen Japan, wai kowanne da hannu ake yin sa. Na zaɓi uku: Jan Dutsen Fuji da Babbar Igiyar Kanagawa, duka na wani mai zane Hokusai, sai na wani mai zanen, Hiroshige, wanda ruwan sama ya tsinke wa mutane a kan gada.

Sai bayan na biya kuɗi na zauna na karanta yadda aka yi na asali, kuma da na san haka tun farko da zaɓina ya canza. Ashe bugu ne, kamar hatimi. Mai zane ya zana a takarda, masassaƙi ya manna ta a allon katakon ceri ya sassaƙe, kowane launi da nasa allon. Mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren. Shi ya sa launin yake kwanciya lumui, layukan kuma suke fita siri-siri kamar an ja su da reza. Abin da na saya kuwa fenti ne da buroshi a kan ƙyalle mai kauri.

Kayan sun iso bayan mako biyar, a nannaɗe cikin dogon kwali, suna ta warin fenti. Mai firam ya yi fama kafin gefen ɗaya da ya lanƙwashe ya miƙe.

Jan Fuji ya fi duka kyau. Dutse ne kawai, ja daga sama, duhun daji a gindinsa, ƙananan gajimare a jere a sararin sama. Inda jan yake narkewa ya koma kore, mai fentin ya yi aiki da natsuwa, ba ka ganin inda wani launi ya tsaya wani ya fara. Da hantsi idan haske ya shigo ta taga, har tsayawa nake yi da tsintsiya a hannu.

Igiyar ce ta raba min hankali biyu. Hokusai ya fitar da ita wajen 1831 cikin jerin hotunan Fuji 36, kuma ta asalin ƙarama ce, faɗinta bai kai santimita 40 ba. Ni na sa aka ninka min girmanta, daga bakin ƙofa kuma tana da kwarjini ƙwarai. Matsalar tana cikin shuɗin. Na asali shuɗin da ake kira Prussian blue ne, wanda a lokacin daga waje ake shigo da shi Japan, mai duhu da nauyi. Nawa ya yi haske da yawa, kamar an zuba bula a ruwan wanki. Sannan kumfar bakin igiyar, wadda a hoton asali take da yatsu kamar faratan shaho za su cafki jiragen, a nawa ta zama tulin auduga. Tsoron da ke cikin hoton ya ragu da rabi.

Surukata ce ta lura da abin da ni ban kula ba. Ta sa tabarau ta matsa kusa.

"Ke 'yar nan, waɗannan ƙulla-ƙullan da ke cikin kwalekwale fa?"

"Kawunan matuƙa ne, Hajiya. Sun duƙa ne saboda igiyar."

Ta yi shiru tana ƙirga jiragen, uku ne, sannan ta ce, "Allah Ya fisshe su." Har ta tafi ba ta yarda cewa ɗan tsinin nan mai farin kai da ke can baya Dutsen Fuji ne ba. Ita dai a wurinta wata igiyar ce.

Na Hiroshige kam an cuce ni, ko in ce na cuci kaina. An buga shi a 1857 cikin jerin wurare ɗari na birnin Edo, wato Tokyo ta yau, kuma duk daɗinsa a ruwan saman yake: siraran layuka kashi biyu da suke ɗan gittawa juna, har ka ji kamar iska na kaɗa su. Wuƙar masassaƙi ce ke iya wannan. Buroshi ya ba ni layuka masu kauri, wasu a karkace, kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Na san Van Gogh, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ya kwafi wannan hoton da fentin mai a 1887, to amma wanda ya yi nawa ba Van Gogh ba ne. Na aika wa shagon hoto na yi ƙorafi. Sun amsa da ladabi, suka ce in mayar a sake min, sai dai kuɗin aikawa a kaina, wanda ya kusa kai kuɗin zanen. Na haƙura.

Wani abu da ya yi min daɗi shi ne hunturu bai dame su ba. Tunda ba gilashi, busasshen tsumma mai laushi nake bi da shi sau ɗaya a mako, ƙurar ta tafi.

Wadda za ta saya, ta nemi a turo mata hoton ainihin wanda aka zana mata kafin a naɗe, ta kuma zaɓi mai faffaɗan launi irin Fuji, ta bar masu siraran layuka. Har yau akwai masu sana'ar a Tokyo da ke sassaƙa allo suna buga waɗannan hotuna a takarda yadda aka saba, kuma can nake tara kuɗi in nemi ruwan saman Hiroshige. Wanda ke hannuna yana rataye a lungun da ake bi zuwa kicin, inda ƙwan lantarkin ba shi da ƙarfi.