Masaukin 'yan fanni ɗaya ko na gama-gari: wanne ya fi dacewa da 'yarki?

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sanya alheri. Kin ce 'yarki ta samu gurbin karatun injiniya a wata jami'a a Amurka, kuma takardar neman ɗakin kwana ta ba ta zaɓi biyu: ko ta zauna a ginin gama-gari inda ake haɗa kowa da kowa, ko ta shiga sashen da aka ware wa masu karanta fanni ɗaya, wanda suke taƙaita sunansa da LLC. Kin tambayi wanne ya fi. Ni dai a shekarar farko na fi karkata ga na 'yan fanni ɗaya, amma da sharaɗi, kuma ba zan so ta zauna a ciki har ta gama ba.

A ginin gama-gari, ofishin ɗakunan kwana ne ke raba ɗalibai, yawanci bayan sun cike 'yar takarda a kan lokacin barcinsu, tsaftarsu, da ko suna jure hayaniya. Mai karanta lissafi na iya faɗawa ɗaki ɗaya da mai koyon kiɗa. A kowane bene akwai ɗalibi babba da aka ɗora wa kula da zaman lafiya, shi ke nan. Da gari ya waye kowa ya kama gabansa.

Sashen 'yan fanni ɗaya shi ma ɗakin kwana ne, gadon iri ɗaya, teburin iri ɗaya. Bambancin yana ga abin da aka jingina masa. Inda aka tsara shi da kyau, mazauna benen suna ɗaukar darasi ɗaya ko biyu tare, akwai malamin da aka haɗa su da shi yana zuwa har ginin, kuma waɗanda suka zauna a wurin bara suna dawowa su riƙe hannun sababbi.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi ya shafi 'yarki kai tsaye. Tun a 1927 wani masanin harkar ilimi, Alexander Meiklejohn, ya buɗe wata kwalejin gwaji a Jami'ar Wisconsin, inda ɗalibai ke kwana a gini ɗaya da ofisoshin malamansu. Ba ta daɗe ba, an rufe ta a 1932. Amma da jami'o'in gwamnati suka cika suka batse a shekarun 1960, har ɗalibi ya zama ba wanda ya san sunansa a ajin mutum ɗaruruwa, sai aka waiwayi dabarar. A 1967 Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe kwalejin Lyman Briggs don masu kimiyya da ta James Madison don masu harkokin mulki da siyasa, kowacce da azuzuwanta a cikin ginin da ɗalibai ke kwana. Jami'ar Virginia Tech kuma ta kafa sashen kwana mai suna Hypatia a 2001 musamman don 'yan mata masu karatun injiniya, saboda ba su da yawa a fannin, kuma kaɗaici na sa wasu su sare tun a shekarar farko.

Ki ɗauka daren jajibirin jarrabawar lissafi ne, ƙarfe sha ɗaya, dusar ƙanƙara na zuba a waje, ita kuma ta maƙale a tambaya ta huɗu. Idan a benen 'yan injiniya take, sai ta zura silifas ta leƙa falo, ta tarar da mutum biyar a gaban farin allo suna fama da wannan tambayar, wata 'yar aji biyu na nuna musu inda malamin ya saba ɗana tarko. Idan a ginin gama-gari take, abokiyar ɗakinta ta gama tata jarrabawar tun shekaranjiya, tana waya da ƙawaye. Ko dai 'yarki ta sa rigar sanyi ta nufi laburare, ko ta rufe littafi ta kwanta da damuwa. Yarinyar da ta baro gida, da kunyar da muka tarbiyyantar da ita a kai, ba za ta tare baƙo a hanya ta ce koya mini ba. Amma wadda suke haɗuwa kullum wajen wanke baki, tambayarta ba ta da nauyi. Wannan shi ne babban abin da ya rinjaye ni.

Bincike ma ya goyi bayan haka. Wani babban nazari da wata malamar jami'a, Karen Inkelas, ta jagoranta a jami'o'in Amurka da dama a 2004 da 2007 ya nuna cewa mazauna irin waɗannan sassa sun fi saurin sabawa da rayuwar jami'a, sun fi tattauna karatu da abokan zamansu, kuma shaye-shayen giya ya fi ƙaranci a cikinsu. Sai dai a riƙa tunawa cewa yaran da ke neman shiga da ma masu himma ne, don haka ba duk ladan ne na ginin ba.

To, ga inda gama-gari ya fi.

A Amurka sauya fanni ba abin mamaki ba ne. Alƙaluman da ma'aikatar ilimin ƙasar ta fitar a 2017 sun nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na ɗalibai sun sauya fanni cikin shekara uku da shigarsu, a fannonin kimiyya da injiniya kuwa kusan kashi 35. Idan 'yarki ta kai tsakiyar shekara ta gane cewa ilimin kwamfuta ko tattalin arziki ne zuciyarta ke so, zama a benen da kowa injiniya ne zai yi mata nauyi. Wurin kamar unguwar maƙera yake, duk inda ta juya ƙarar guduma ce: daɗi ga mai son ƙira, ciwon kai ga wanda ya fara tunanin wata sana'a. Ranar da sakamako ya fito kuma, kowa ya san makin kowa. Akwai yaran da gasa ke ƙara musu ƙarfi, akwai waɗanda take karya wa gwiwa. Ke kika san wacce ce taki.

Sannan akwai maganar mutanen da za ta sani. Tsofaffin jami'o'i da gangan suke cakuɗa ɗalibai. Kwalejoji 31 na Kambirij a Ingila galibi suna haɗa masu fannoni daban-daban a teburin cin abinci ɗaya. Jami'ar Yale tana raba sababbin ɗalibai a kwalejojinta 14 ba tare da duba fanni ba. Harvard ta taɓa barin ɗalibai su nuna gidan da suke so, sai gidajen suka rabu, wannan na 'yan wasanni, wancan na masu zane da wasan kwaikwayo, wani kuma baƙaƙen fata sun fi yawa, har jami'ar ta koma rabawa ta hanyar ƙuri'a a tsakiyar shekarun 1990. Suna ganin rabin amfanin jami'a shi ne zama da wanda ba irinka ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amma a lura, waɗannan gidajen suna da shugaba, da malamai masu ba da shawara, da ɗakin cin abincinsu. Idan gama-garin jami'ar 'yarki irin wannan ne, to ta shige shi ba fargaba. Idan kuwa dogon bene ne kawai mai ɗakuna jere, ba su zama ɗaya ba.

Mu ma mun san ɗanɗanon abin a gida. Wanda ya yi karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya san yadda 'yan shari'a da 'yan harkar mulki ke rayuwarsu daban da mutanen babbar harabar da ke Samaru, haka ɗaliban likitanci na Ibadan da ke komawa masaukin Alexander Brown kusa da asibitin koyarwa. Shaƙuwarsu tana da ƙarfi, amma da yawa suna gamawa ba su san kowa a wajen fanninsu ba.

Wata kila a takardar ta ga wani nau'i na uku, wanda ba fanni ya haɗa mazaunansa ba, sha'awa ce. A Jami'ar Cornell akwai masaukin Risley na masu son fasaha da wasan kwaikwayo, da Ujamaa da aka kafa a 1972 don masu sha'awar tarihi da al'adun Afirka da baƙaƙen fata. Wasu jami'o'in suna da gidan da ake magana da Faransanci ko Larabci kawai. Irin wannan ya fi dacewa da shekara ta biyu, bayan ta kafu a karatunta.

Yanzu sharuɗɗan. Na farko, kuma a wurina ya fi duk abin da na faɗa a sama, shi ne tsarin maza da mata. Sashen 'yan fanni ɗaya sau da yawa ƙarami ne, don haka ana iya samun ɗakin maza kusa da na mata a bene ɗaya, alhali benen mata zalla yana can a wani ginin gama-gari. Ta rubuta wa ofishin ɗakunan kwana ta tambaya ƙarara: benen na mata ne kaɗai, kuma banɗakin fa? Yarinya mai hijabi da za ta fito alwalar asuba tana buƙatar amsar nan kafin ta sa hannu. Idan sashen injiniya gauraye ne, gama-gari kuma na da benen mata, ni benen mata zan zaɓa mata, ta nemi ƙungiyar karatu a sashensu.

Ta kuma tambaya ko akwai darasin da aka haɗa da zaman, da sunan malamin da ke kula da shi, domin wasu wuraren suna ne kawai a ƙofa ba komai a ciki. Ta ji ko akwai ƙarin kuɗi, ko ɗakin cin abincin da ke kusa yana da naman halal, da ko ana rufe ginin a hutun Disamba, tunda ba lallai ta dawo gida a wannan ɗan lokacin ba. Guraben suna da iyaka, wasu ma sai an rubuta ɗan bayanin dalilin neman shiga, kuma wa'adinsu kan riga na sauran ɗakuna cika. Ta duba ranar a daren nan.