Kwas ɗin Hospice Africa Uganda: wa ya kamata a tura, me zai dawo da shi

Asibitin da ke son buɗe sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa, irin su ciwon daji da ya yi nisa ko ciwon ƙoda da zuciya a matakin ƙarshe, yakan fara da tambayar inda zai tura ma'aikatansa su koyo. A Afirka sunan da aka fi kira shi ne Hospice Africa Uganda, cibiyar da Dokta Anne Merriman ta kafa a Kampala a 1993, bayan ta yi shekaru tana aikin likita a kudancin Najeriya. Cibiyar tana da rassa a Mbarara da Hoima, kuma tana da makarantar horarwa mai alaƙa da Jami'ar Makerere. Kwas ɗin da ya fi shafar baƙi shi ne na masu fara wannan aiki a ƙasashensu. A tsarinsa na asali mako biyar ne: karatu a aji, sai fita gidajen marasa lafiya tare da ma'aikatan cibiyar, sai koyon yadda za a koyar da wasu. Ana yin sa da Turanci, ana kuma yin sa da Faransanci.

Ƙarfin kwas ɗin yana kan mofin na sha, wato maganin rage ciwo mai tsanani. Cibiyar da kanta take haɗa shi daga garin mofin da ruwa da maganin hana lalacewa, ta saka masa launi don kada a rikice. Koren yana da miligiram 5 a cikin mililita 5, jan kuma miligiram 50 a cikin mililita 5, wato ya ninka koren sau goma. Launin ba ado ba ne. Matar da ke jinyar mijinta a ƙauye ba lallai ta iya karanta takardar kwalba ba, amma ba za ta ɗauki ja a madadin kore ba.

Abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa kafin ya gama a bayyane yake. Zai auna ciwo da yatsun hannu, daga dunƙulen hannu, wato babu ciwo, zuwa yatsu biyar, ciwon da ya fi ƙarfin mutum. Zai fara wa babba da miligiram 5 duk bayan awa huɗu, ko 2.5 idan tsoho ne ko wanda ya rame, a ninka na lokacin kwanciya don kada a tashe shi tsakar dare. Idan ciwo ya keto tsakanin lokaci, a ƙara masa kwatankwacin na awa huɗun, a rubuta, washegari a haɗa jimilla a gyara ma'auni. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce wa iyali "ku ba shi idan ciwon ya tashi". Ƙarfin mofin na sha yana raguwa cikin kimanin awa huɗu, saboda haka wanda ake jira sai ya yi kuka kullum ciwon yana riga maganin zuwa. Kuskure na biyu shi ne mantawa da maganin sassauta ciki. Tashin zuciya da gyangyaɗin da mofin ke kawowa sukan lafa cikin 'yan kwanaki, taurin bayan gida kuwa ba ya lafawa muddin ana shan maganin, kuma shi ne yake sa mara lafiya ya ƙi sha. Inda babu ƙwayar sassauta ciki, cibiyar tana koyar da amfani da busassun 'ya'yan cikin gwanda da aka daka. Miki mai wari kuma, a daka ƙwayar filajil a barbaɗa bayan an wanke, warin ya ragu har 'yan dubiya su iya zama a ɗakin.

Makonnin fita gida su ne suka cancanci kuɗin jirgi. A nan ake ganin yadda nas take zama ƙasa-ƙasa da mara lafiya, ta tambaye shi abin da ya sani game da ciwonsa kafin ta faɗa masa komai, ta nuna wa mai jinya yadda ake juya wanda ya kwanta duk bayan awa biyu da yadda ake zuƙo magani da sirinji marar allura. A nan kuma ake ganin aikin 'yan sa-kai na unguwa, waɗanda ake ba horon 'yan kwanaki don su gano masu fama a ɓoye su sanar da ma'aikata. Ba sa rubuta magani, ba sa canja ma'auni.

Sai dai akwai abin da kwas ɗin ba zai iya ba ɗalibi ya saka a jaka ba, wato doka. Tun 2004 Yuganda ta halatta wa nas da jami'in lafiya da suka yi horo na musamman, wanda a lokacin na wata tara ne, su rubuta mofin, kuma gwamnati ce take biyan kuɗinsa, mara lafiya ba ya biyan ko sisi. Kwas na mako biyar ba ya ba kowa wannan izini. Nas ɗin da ta dawo Kano ko Maraɗi za ta tarar sai da sa hannun likita, sai da mai harhaɗa magunguna da ya yarda ya riƙe rajista da akwati mai makulli. Ga kuma tsoron da ta'ammali da tiramadol da kodin ya dasa a zukatan ma'aikata da iyalai, har wasu suna ganin duk wanda aka fara wa mofin ya kamu ke nan ko ajalinsa ya zo. Kwas ɗin yana amsa wannan da hujja, amma da Turanci ko Faransanci. Yadda za a faɗa wa dattijo da 'ya'yansa da Hausa, da wa za a fara magana a gidan, da inda liman zai shigo, duk wannan aikin ɗalibi ne bayan ya dawo.

Saboda haka tura mutum ɗaya asara ce. Yakan dawo da zafinsa, a mayar da shi tsohon sashensa, bayan wata shida ilimin ya kwanta. A tura uku tare, likita da nas da mai harhaɗa magunguna, kuma kafin su tashi shugaban asibiti ya sa hannu kan ɗaki da ranar ganin marasa lafiya da abin hawan zuwa gidaje da takardar neman garin mofin. Asibitocin Najeriya da kuɗin tafiya Kampala ya fi ƙarfinsu su fara tuntuɓar sashen da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ya daɗe yana wannan aiki.