Sharhi: Hayar Siririn Jirgi a Kanal ɗin Llangollen

Jirgin da ake bayarwa haya a wannan kanal (hanyar ruwa da aka haƙa) na tsakanin Ingila da Wales faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, don ya shige lok mai faɗin ƙafa 7. Gado, kicin da banɗaki duk a jere suke kamar taragon jirgin ƙasa, kuma ta fuskar zama ban ga abin kushewa ba. Ƙorafina yana kan bayanin da ake yi wa mai haya kafin a miƙa masa makulli. Ya yi gajarta, alhali kuskure ɗaya a lok yana iya nutsar da jirgi.

Lok ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya, da shi jirgi ke hawa tudu ko ya sauka. In sauka za a yi, sai a cika shi, a shigar da jirgi, a rufe ƙofar baya, sannan a ɗaga marufan kafofin ruwa na ƙofar gaba da hannun ƙarfen da ake murzawa, ruwa ya zurare. A nan hatsarin yake. Ƙarƙashin ƙofar baya akwai dakalin da ruwa ya rufe, an shata iyakarsa da farin fenti a bango. In bayan jirgi ya hau kansa, ruwa na janyewa gaba zai dulmiya. Mai tuƙi ya tsayar da jirgin gaba da wannan fenti. In kuwa jirgin ya maƙale, a sauke marufan nan take, a mayar da ruwa a hankali. Kada a bar hannun ƙarfen a jikin sandarsa, domin in maƙallin ya kuɓuce, juyawa zai yi da ƙarfin da zai iya karya haƙori.

Tafiyar ba ta mai gaggawa ba ce. Doka ta tsayar da gudu a mil 4 a awa, kuma dole a rage wuta sosai in za a wuce jiragen da ke ɗaure. Lissafin da ke aiki shi ne a haɗa yawan mil da yawan lok a raba uku, a sami awanni. A wannan kanal sai an ƙara, don ruwan Kogin Dee na gangarowa ta cikinsa yana danne mai hawa, ga kuma layi a lok uku masu haɗe da juna na Grindley Brook lokacin bazara.

Kullum akwai ƙananan ayyuka. A kashe inji, a sa makulli a aljihu, a buɗe ramin farfela a cire leda da ciyawa, a ɗaure marfin tamau, in ba haka ba ruwa zai shigo ta nan. Da yamma a murza abin tura giris na sandar farfela. Batir na buƙatar inji ya yi aiki na wasu awanni, amma ba a kunna shi a maɗaura bayan ƙarfe 8 na dare.

Gadar Pontcysyllte mai ɗauke da ruwan kanal a saman Kogin Dee, wadda Thomas Telford ya gina aka buɗe a 1805, ita kaɗai ta isa dalilin zuwa. Tsayinta daga kogin zuwa sama mita 38, kuma gefe ɗaya babu shinge, don haka yara su zauna a ciki. Wanda bai taɓa tuƙi ba ya ɗauki jirgi matsakaici, ya kuma dage sai ma'aikaci ya raka shi lok na farko.